Kifin da Aka Kama Aka Saki: Su a Tekun Fulorida Ƙarshen Bazara

A jihar Fulorida ta Amurka, masu kamun kifi da fatsa kan yi ta ƙirga kwanakin Agusta saboda ranar 1 ga Satumba. A ranar ce ake buɗe damar tafiya gida da kifin da ake kira sunuk a yawancin gaɓar jihar, bayan an rufe ta wata uku a ɓangaren Tekun Atlantika, wata huɗu a ɓangaren Tekun Mekziko. Duk tsawon rufewar ba a hana kowa jefa ƙugiya ba. Kamawa ka kama, amma ka mayar da shi ruwa da ransa. A cikin waɗannan makonni ne kuma dangin wani kifi, sinafa, suke cika bakin gadoji da duwatsun ƙarƙashin teku. Wani irinsu ana cinsa duk shekara ba wanda ya ɗaga murya, wani irin kuwa rigimarsa ta kai kotu, ta kai Majalisar Dokokin Amurka.

Wanda ya san su a matsayin sana'ar ciyar da gida zai ga abin banbaraƙwai: mutum ya sayi jirgi, ya ƙona mai, ya kwana a kan ruwa, ya kama kifi mai tsawon hannu, ya ɗauki hoto da shi, sannan ya sake shi. Amma a kan wannan sakin aka ɗora kusan dukkan dokokin kamun kifin nishaɗi a can. Iyakar tsawo, iyakar adadi, rufe lokaci, duk ma'anarsu ɗaya: wanda doka ba ta ba ka ba, mayar da shi. Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, wanda aka mayar ɗin, yana rayuwa? Amsar sunuk daban, ta jan sinafa daban, kuma zurfin ruwa ne ya raba su.

Ƙarshen bazara a Fulorida lokaci ne na zafi mai ɗanko da ruwan sama. Ruwan bakin gaɓa kan kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, kuma a watan Yulin 2023 wata na'ura a Manatee Bay, kudancin jihar, ta auna sama da digiri 38. Kusan kowace la'asar hadari ya taso da tsawa, ga mutum riƙe da doguwar sanda a fili, shi ne mafi tsayi a wurin. Damina ce kuma ta guguwar teku, wadda ke farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, ta fi ƙamari wajen tsakiyar Satumba. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi, shi ya sa da rana tsaka kifi kan lafe. Masu abin sun san haka: asuba suke fita, ko bayan magariba, ko su raba dare a ƙarƙashin gada.

To me ya sa ake ɗokin lokacin duk da wannan wahala? Saboda lokacin hayayyafa ne. Kifayen da ke warwatse a sauran watanni suna taruwa wuri ɗaya, a wuraren da kowa ya sani, a kwanakin da kowa zai iya lissafawa da tsayuwar wata da cikarsa.

Sunuk dogon kifi ne mai ruwan azurfa, da baƙin layi siriri tun daga wuya har wutsiya, leɓensa na ƙasa ya zarce na sama. Wanda ya san giwan ruwa na Kogin Kwara ko Tafkin Cadi ya ga kamanninsa, ba kuwa kama ce ta banza ba, don masana sun daɗe suna lissafa su a dangi ɗaya kafin daga baya su raba su. Sai dai sunuk bai kai giwan ruwa girma ba. Mafi girman da aka rubuta an kama da fatsa, a Kosta Rika a 1978, ya ɗan haura kilo 24. Ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan tsaya bayan ginshiƙin gada ko saiwar itace, ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ya jira ruwan ya kawo masa jatan lande ko ƙaramin kifi. Don haka mai neman sunuk ya fi damuwa da cikowar teku da janyewarsa fiye da agogo. In ruwa ya tsaya cik, sunuk ya rufe baki. Da dare fitilun da masu gidajen bakin ruwa ke kunnawa a matsayar jiragensu kan tara ƙananan halittu, sunuk ya jeru a daidai inda haske ya haɗu da duhu. Ba shi da manyan haƙora, amma bakinsa kaushi gare shi, ga marfin wurin numfashinsa mai kaifi kamar aska, sai an ɗaura wa ƙugiya guntun zare mai kauri in ba haka ba ya tsinke shi a tsalle ɗaya.

Daga Mayu zuwa Satumba manyan sunuk suna gangarowa daga koguna da fadamu zuwa mashigai, wato bakunan da ruwan cikin ƙasa ke haɗuwa da teku: Sebastian da Jupiter a gabas, Boca Grande da bakin Tampa a yamma. Dalilin gishiri ne. Sunuk babba yana iya zama a ruwan daɗi, amma ƙwansa ba ya tasowa sama sai a ruwan gishiri sosai. Mace ɗaya kan zubar da ƙwai sama da miliyan ɗaya a dare guda, ta sake bayan kwana ɗaya ko biyu, haka har lokacin ya wuce. Ruwa mai cikowa ne ke kwasar 'ya'yan ya kai su lungunan da itatuwan mangurob suka rufe, waɗannan itatuwan bakin teku masu saiwa a waje, inda manyan kifaye ba sa iya kutsawa.

Akwai wani abu a halittarsa da ya tsara dokar da kansa. Sunuk a matsayin namiji yake fara rayuwa, sai ya girma sannan da yawansu su rikiɗe su koma mata. Ke nan duk wani ƙaton sunuk da aka ɗaga ana murna, kusan tabbas uwa ce. Shi ya sa dokar Fulorida ba ta tsaya ga hana ɗaukar ƙanana ba, ta hana manya ma. Kifin da za ka tafi da shi sai ya kai inci 28, kimanin santimita 71, kada kuma ya wuce inci 32 a Atlantika ko 33 a Tekun Mekziko. Guda ɗaya tak a rana, kuma sai da takardar izini ta musamman bayan lasisin kamun kifi. Tsakanin iyakar ƙasa da ta sama inci huɗu ne ko biyar kacal. Sayar da shi kuwa haramun ne a jihar tun 1957, don haka ba gidan abincin da zai kawo maka sunuk na Fulorida a faranti, alhali a Mekziko da ƙasashen tsakiyar Amurka kifin kasuwa ne da suke kira robalo. Wanda ya samu nasa sai ya feɗe fatar kafin ya dafa, don fatar tana sa naman ɗanɗanon sabulu.

Wannan tsari ya yi aiki, kuma dalili a fili yake. Sunuk kifin ruwa marar zurfi ne. Daga mita ɗaya zuwa 'yan mitoci ake jawo shi, jikinsa ba ya shan wani sauyin matsi. Binciken masanan hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ya nuna cewa kimanin biyu cikin ɗari ne kawai ke mutuwa bayan saki. Ko da yake ni ina ganin wannan adadi bai kamata ya sa a saki jiki ba a watan Agusta. Kifin da aka ja shi minti goma da siririn zare a ruwa mai zafi, aka rataye shi ta leɓe ana ɗaukar hoto, ya koma ruwa a galabaice, kuma a mashigan nan akwai masu jira: kifin shak, dolfin, da wani ƙaton kifin duwatsu mai suna goliyat wanda aka hana kamawa a 1990 har ya farfaɗo. Masu hankali daga cikin masu fatsa kan yi amfani da zare mai ƙarfi don a gama kokawar da wuri, su cire ƙugiya kifin yana cikin ruwa, su riƙe shi ya fuskanci gangara har ya fizge da kansa. Biyu cikin ɗari ba komai ba ne in kifi ɗari aka kama. In kuwa kowane kifi a mashigi an kama shi sau da dama a bazara ɗaya, lissafin ya sauya.

Abin da ya fi kashe sunuk ba ƙugiya ba ce. Sanyi ne da gurɓatar ruwa. Kifin ƙasashen zafi ne, Fulorida kuwa kusan ƙarshen iyakarsa ce ta arewa. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 12 ya daɗe a haka, sai ya sandare ya mutu. A Janairun 2010 wani sanyi mai tsawo ya kashe su birjik, har aka rufe ɗaukar sunuk a gaɓar yamma sai Satumbar 2013. Sannan ga jan ruwa, wato yaɗuwar wata ƙwayar halitta mai dafi da ke rina teku, wadda ta addabi kudu maso yammacin jihar daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019, ta kama kifayen suna tsakiyar taron hayayyafa. Nan ma aka koma kama-ka-saki na shekaru. Ƙara da ruwan Tafkin Okeechobee mai ɗauke da takin gonaki da ake sakowa ta kogunan St. Lucie da Caloosahatchee, da ciyawar ƙarƙashin ruwa da ta mutu a Indian River, da fadamun da aka cike aka gina gidaje. Tun daga 2024 hukumar kifin jihar ta raba gaɓar yanki tara domin sunuk, kowane da dokarsa, tana duba lafiyar ruwa da muhalli ba yawan kifi kaɗai ba. A yankunan Charlotte Harbor da kudu maso yamma ma sai 1 ga Oktoba ake buɗewa. Wannan, a ganina, shi ne gyara mafi ma'ana da aka yi wa dokar cikin shekaru masu yawa.

Sinafa dangi ne babba, kuma 'yan uwansu suna nan a gaɓar Afirka ta Yamma, ana ganinsu jajaye a kasuwannin kifi na Legas da Akara. A Fulorida wanda talaka ya fi sani shi ne mai ruwan toka, wanda ke girma a cikin saiwoyin mangurob. Shi ne kifin mai bokiti a kan gada, wanda ba shi da jirgi. Mazaunin jihar da ke kamu daga tudu ma kyauta ake ba shi lasisi. A Yuli da Agusta manyansu kan fita duwatsun teku su taru lokacin da wata ya cika, matsakaita kuma su cika mashigai da ginshiƙan gadoji. Doka a ruwan jiha: inci 10 zuwa sama, guda biyar a rana, ba rufewa. Wayo gare shi na ban haushi. Idonsa na ganin zare, ya tsince jatan lande daga ƙugiya ya bar ka da ƙarfe, kuma da an kama biyu ko uku sauran sun gane. Akan rage kaurin zare, a ƙanƙanta ƙugiya, a watsa yankakken kifi a ruwa har su manta da tsoro. In ya zo hannu a yi hattara da yatsa, fiƙoƙi gare shi kuma yana datsa baki da ƙarfi. Can kudu a tsibiran Keys, mai rawayar wutsiya ake nema, ana cuɗa niƙaƙƙen kifi da yashi da hatsin ots a dunƙula a jefa, ruwa ya yi duhu kifin ya taso. Waɗannan ba su cika jawo gardama ba.

Jan sinafa ne mai gardamar. Kifin zurfi ne, yana zama a mita 20, 30, 60 har fiye, kusa da duwatsu, da jiragen da suka nutse, da ƙafafun dandamalin haƙar mai na gaɓar Luwiziyana da Tekzas, da dubban tarkacen siminti da ƙarfe da jihar Alabama ta bari aka zuba a teku don su zama masa gida. Yana fara haihuwa tun yana shekara biyu, amma yana iya haura shekara 50, kuma tsohuwar mace ɗaya ta fi tarin ƙanana yawan ƙwai nesa ba kusa ba. Zuwa shekarun 1980 an ci shi har ya kusa ƙarewa: masunta na kasuwa, masu nishaɗi, ga jiragen jan jatan lande da ragarsu ke kwashe 'ya'yansa miliyoyi ba da niyya ba.

Ruwan jihar Fulorida ya tsaya a mil tara daga gaɓa a Tekun Mekziko, mil uku a Atlantika. Daga nan har mil 200 na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin dokar Magnuson-Stevens ta 1976, wadda ta wajabta a farfaɗo da duk kifin da aka ci fiye da kima. Aka raba abin da za a kama: kashi 51 na 'yan kasuwa, 49 na masu nishaɗi. Tun 2007 kowane ɗan kasuwa da kasonsa a rubuce, ana auna kifinsa a tasha. Masu nishaɗi kuwa miliyoyi ne, suna fita daga dubban wurare, sai dai a yi kiyasi. Sai wani abu ya faru mai kama da almara amma lissafi ne tsagwaronsa: da kifin ya fara farfaɗowa, ya ƙara yawa ya ƙara nauyi, sai kason da ake aunawa da nauyi ya riƙa cika da wuri. Kifi na ƙaruwa, kwanaki na raguwa. Lokacin da a da yake buɗe duk shekara ya koma kwana 9 a 2014, a 2017 aka sanar da kwana 3 kacal kafin hayaniya ta sa a ƙara. Mutum yana ganin jan sinafa ya hana ƙugiyarsa isa ƙasa, ana ce masa kifin bai warke ba. Daga 2018 aka fara miƙa wa jihohi biyar na gaɓar ikon tsara kwanakin masu jiragen kansu, aka tabbatar da haka a 2020, kuma a 2024 kwanakin Fulorida sun haura 100: Yuni da Yuli, sai ƙarshen mako-mako daga Satumba. Guda biyu a rana, inci 16 zuwa sama.

Majalisa ta ware dala miliyan 10 aka yi wani gagarumin ƙidaya a ƙarƙashin jagorancin Greg Stunz na jami'ar Texas A&M da ke Corpus Christi, da kyamarori da na'urorin sauti da alamun da ake maƙala wa kifi. Sakamakon da ya fito a 2021 ya ce akwai jan sinafa kimanin miliyan 110 a Tekun Mekziko na Amurka, kusan ninki uku na miliyan 36 da hukumar kula da kifi ta tarayya ke lissafawa. Masu fatsa suka ce ai mun faɗa. Amma rahoton ya ƙunshi abin da ba su cika maimaitawa ba: mafi yawan kifin a warwatse yake a shimfiɗaɗɗen ƙasan teku mai yashi da laka, inda ba wanda ke zuwa kamu. Wanda ke kan duwatsun da kowa ya adana a na'urar jirginsa shi ne ke shan ƙugiya. In an ninka kaso sau uku, daga waɗannan wuraren za a ɗebe shi.

Yanzu ga inda saki ya gaza. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin duniya. Jan sinafa yana da jakar iska a ciki wadda ke daidaita masa tsayuwa a ruwa. In aka fizgo shi daga mita 30, iskar nan ta kumbura kusan ninki huɗu, ba ta da mafita. Ciki ya kumbura, idanu su firfito, tumbi ya juyo ya leƙo ta baki. Da yawa kan ɗauka jakar iskar ce su huda, alhali tumbin kifin suke fasawa. In aka jefa shi haka, ba ya iya nutsewa. Yana yawo a sama kamar gora har tsuntsu ko shak ko dolfin ya ɗauke. A ƙarshen bazara abin ya fi muni, don ruwan sama ya fi na ƙasa zafi sosai, kifin ya fito daga sanyi ya faɗa ɗumi yana cikin wannan hali. Mai fatsa ya bi doka, ya mayar da kifi, amma kifin ya mutu, bai shiga tukunya ba bai koma gida ba.

Maganin da aka samo ba shi da tsada: wani ɗan maƙali mai nauyi da ke riƙe leɓen kifin, a zura shi da zare zuwa zurfi, matsi ya mayar da iskar yadda take, maƙalin ya buɗe kifin ya tafi. Akwai kuma allura mai rami da ake sokawa a gefen ciki a fitar da iskar, sai dai tana son gwaninta. A Janairun 2022 dokar tarayya ta wajabta wa mai neman kifin duwatsu a Tekun Mekziko ya riƙe ɗaya daga cikin biyun a shirye, kamar yadda aka wajabta lanƙwasasshiyar ƙugiya mai kama gefen baki maimakon hanji tun 2008. Sai dai doka ta ce a riƙe, ba mai iya tsayawa kan kowa a mil 40 daga gaɓa ya ga an yi amfani da shi, musamman in kifi na ci kowa na sauri.

Ɓangaren Atlantika ne ya nuna ƙarshen wannan hanya. An rufe jan sinafa a can a 2010, daga baya aka riƙa buɗewa na 'yan kwanaki. A 2024 kwana ɗaya aka bayar. Amma kamun sauran kifayen duwatsu a buɗe yake, kuma jan sinafa ba ya karanta sanarwa, shi ke fara cafke ƙugiya. Lissafin hukumar tarayya ya nuna mafi yawan jan sinafan da ke mutuwa a wannan yanki waɗanda aka saki ne, ba waɗanda aka kai gida ba. Su ake cirewa daga kaso tun kafin a raba, abin da ya rage bai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba. Masu fatsa na da hujjar tuhumar lissafin, don hukumar da kanta ta amsa a 2023 cewa hanyar da take kiyasta yawan fitar masu nishaɗi tana iya zarce gaskiya da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Amma ko an rage wannan, rufe lokaci ga kifin zurfi alhali ƙugiyoyi na sauka a kansa kullum ba kariya ba ce. Abin da zai rage mutuwar shi ne rage ƙugiyoyin da ke isa ƙasa a wasu wurare ko wasu watanni, shi ne kuma abin da ba mai son ji. A Janairun 2025 hukumar ta kawo shawarar hana kamun kifin ƙasan teku na wata uku a kowace shekara a wani yanki na arewa maso gabashin Fulorida. Masu fatsa, da masu jiragen haya, da 'yan siyasar jihar suka yi mata ca, a watan Yuni ta janye. A shekarar aka ba da kwana biyu, 11 da 12 ga Yuli.